Daga Yunwar Ayalan Zuwa Kakuri: Labarin Masu Ƙetare Teku

Duk wanda ya san Kaduna ta kudancin kogi ya san asibitin St. Gerard da ke Kakuri, ya kuma san kwalejin 'yan mata ta Sarauniya Amina, wadda ake kira Queen of Apostles kafin gwamnati ta karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970. Amma kaɗan ne cikin masu shiga da fita wuraren nan suka taɓa tambayar asalin Turawan da suka aza harsashinsu. Galibin Fada da Sistocin ɗarikar Katolika da suka yi aiki a nan mutanen Ayalan ne, wani tsibiri da ke yamma da Ingila, wanda ya sha mulkin Ingilishi ƙarnoni kafin mu ɗanɗana shi, kuma da wuya a sami wata al'umma a Turai da ta san ɗacin ƙetare teku kamarsu.

Asalin al'amarin shi ne, a shekarar 1845 wata annoba ta faɗa wa dankalin Turawa, irin wanda ake kawo mana daga Jos, alhali kuwa shi ne tuwon talakan ƙasar safe da dare. Manomi ya haƙa kunya ya tarar da dankalin ya ruɓe ya yi baƙi yana ɗoyi, shekara bayan shekara, ga masu gonaki suna neman kuɗin haya, wanda ya gaza a rushe masa ɗaki a kore shi, ga kuma hatsi da dabbobi ana ta lodinsu a jirage zuwa Ingila a kan idon mayunwata. Kafin musibar ta lafa wajen 1852, cikin jama'ar da ta ɗara miliyan 8, kimanin miliyan 1 sun riga mu gidan gaskiya, wasu kimanin miliyan 1 kuma sun yi ƙaura, yawancinsu zuwa Amurka da Kanada.

Tafiyar kanta wani ibtila'i ce. Jiragen lokacin na iska ne, masu filafilai na zane, sukan yi mako shida ko fiye a bisa ruwa, gwargwadon yadda iska ta yi musu. Talaka ba ya samun wuri sai a can ƙasan jirgi, inda aka jera gadaje na katako hawa-hawa, mutum huɗu a gado guda, babu taga, ruwan sha kuwa da awo. In hadari ya taso sai a rufe ƙofar sama, a bar su cikin duhu da wari har teku ta kwanta. A irin wannan cunkoso zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya sami wurin zama, wanda ya cika kuma a naɗe shi a jefa ruwa, har aka riƙa kiran jiragen nan da sunan akwatin gawa. A tsibirin Grosse Île na Kanada, inda ake tsare marasa lafiya a wancan lokacin, an binne fiye da mutum 5,000 a shekarar 1847 kaɗai. Saboda sanin cewa mai tafiya da wuya ya komo, sai al'ada ta kafu a ƙauyuka, daren jajiberin tashinsa dangi su taru su kwana tare da shi ana kuka ana ban kwana, tamkar zaman makoki, shi kuwa yana zaune da ransa a tsakiyarsu.

Da jiragen tururi suka zo, tafiyar ta ragu zuwa kimanin kwana goma, hukuma kuma ta tsananta doka a kan abinci da yawan fasinja, sai ƙaura ta zama hanya ga sauran Turawa: Jamusawa, Italiyawa, da Yahudawan Rasha. Daga 1892 zuwa 1954 kimanin mutum miliyan 12 suka bi ta tsibirin Ellis a bakin New York, kuma wadda aka fara rubutawa a littafin masu shigowa wata yarinya ce 'yar Ayalan, Annie Moore, da ta taso daga Queenstown a lardin Cork. Wanda ya isa ya sami aikin gini ko na aikatau, sai ya aiko wa ƙanensa kuɗin jirgi, shi ma ya aiko wa na bayansa.

A birnin Cork ɗin nan ne ƙungiyar Fada ta SMA da ta Sistocin OLA, waɗanda suka yi aiki a Kaduna, suke da cibiyarsu ta Ayalan, daga can kuma jikokin waɗanda suka tsira daga yunwa suka fuskanci kudu. Sukan shiga jiragen kamfanin Elder Dempster a Libaful, irin su Accra da Apapa da Aureol, su yi wajen mako biyu, ana yada zango a Saliyo da Takoradi, su sauka Ikko, sannan jirgin ƙasa ya kawo su tashar Kaduna Junction, wadda ita ma a kudancin kogi take. Cikinsu akwai John McCarthy, wanda ya zama babban limamin Katolika na Kaduna a 1959, har Peter Jatau, ɗan ƙasa, ya gaje shi a 1975.

Hakika akwai ibra a nan ga mai hankali. Ƙaura ba abin kunya ba ce, fatara da zalunci ke kawo ta, kuma Turawan da ke rufe ƙofa a yau kakanninsu sun taɓa ƙwanƙwasa ta wasu. Amma mai jirgin da ya cusa mayunwata a duhu don riba bai mutu ba, ya sake riga ne kawai, yana nan a hanyar Agadas zuwa Libiya da kwale-kwalen roba. Iyaye, kafin ku sayar da gona ku biya wa ɗanku wannan tafiya, ku bincika hannun wa za ku danƙa ransa.