Kafin ku kai Kaka kallon hawa a Kano

Duk Sallah sai an ga jikoki waɗanda suka kawo ƙarfi, wasu na aiki, wasu na karatu a Jami'ar Bayero, wasu na da teburi a Kantin Kwari, sun aika kuɗin mota gida an sako musu Kaka ta zo birni ta sha kallo. Daga Gwarzo ake zuwa, daga Kazaure da Daura da Haɗejia, har daga Maraɗi da Damagaram. Abin a yaba ne, Allah Ya yi wa masu yi albarka. Inda gizo ke saƙar shi ne, jikan da ke tsara yawon da ƙafarsa yake aunawa, ƙafar ɗan shekara ashirin da biyar, alhali gwiwar da za ta yi tafiyar ta haura saba'in. Dattijon Bahaushe kuwa ba ya buɗe baki ya ce ya gaji a gaban wanda ya kashe kuɗi dominsa. Kara ba za ta bar shi ba. Za ka tambaye shi sau uku, sau uku zai ce maka "ba komai, mu je", har sai ka ga ya nemi gindin katanga ya zauna daɓas.

Tun kafin a biya kuɗin mota, a tabbatar za a yi hawan. A da ba a cika yin wannan tambayar ba, amma a Babbar Sallar 2024 'yan sanda sun hana hawa a Kano saboda rikicin masarauta, haka kuma aka yi a Ƙaramar Sallar 2025, watanni kaɗan bayan UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Sanarwar hani takan fito ana saura 'yan kwanaki kaɗan. Don haka kada a cika wa tsoho baki da alkawarin zai ga jahi a Ƙofar Kudu. A ce masa ya zo a yi Sallah tare, in an yi hawa a kalla, in ba a yi ba gari na da abin gani.

In kuwa za a yi, a zaɓi hawa guda. Akwai Hawan Idi ranar Sallah da safe, da Hawan Daushe washegari da yamma, da Hawan Nasarawa a rana ta uku, sannan na Ɗorayi ko Fanisau a bayan gari. Matasa kan so a bi su duka, kamar za a ba su lada. Hawan Daushe ya fi kowanne ƙayatarwa, shi ne kuma ya fi cunkoso, ya fi ƙura. Dawakai na sukuwa, 'yan bindiga na ɗirka harbi ba sanarwa, jama'a na turo juna gaba da baya duk lokacin da dogarai suka buɗe hanya. Saurayi in an ture shi zai dafa wani ya miƙe. Tsohuwa in ta faɗi a kan ƙugu, ƙashin na iya karyewa, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba irin wadda ake kai wa mai ɗori a dawo gida da yamma ba ce. Tana iya kwantar da mutum wata da watanni, wani ma ba ya ƙara tashi. Wanda bai sami kujera a rumfa ba, ya nemi gidan wani sananne da ke bakin hanyar da sarki zai bi, a hau bene ko a zauna a soro tun da wuri, a kuma bari taro ya watse kafin a fito. Lokacin watsewa ya fi lokacin kallo hatsari, don kowa na sauri ga magariba ta kawo kai, a lokacin ne kuma masu ƙwacen waya da 'yan daba suka fi samun dama.

Sai zancen rana. Watannin Musulunci na matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara, shi ya sa a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah ke faɗowa cikin Maris, Babba kuma ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. A tsakanin Maris da Mayu zafin Kano kan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Jikin tsoho ba ya jin ƙishi da wuri kamar na yaro, ga kuma wata dabara da dattawanmu ke yi wadda jikoki ba su cika lura da ita ba: suna ƙin shan ruwa da gangan don kada fitsari ya matse su a inda ba su san makewayi ba. Dattijon da ke fama da yawan fitsari ba zai gaya wa jikarsa mace haka ba ko za a yanka shi, kuma tsohuwa ba za ta so alwalarta ta yi ta warwarewa a titi ba. Sai su wuni da kurɓi biyu. Maganin abin shi ne kada a jira su tambaya. Duk inda aka isa, jika ya fara gano inda bayan gida yake, ya ce "Kaka, ga wurin alwala can, mu je kafin mu zauna", sannan ya miƙa ruwa, shi ma ya sha a gabanta. In aka ga jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko magana ta fara rikicewa, ko jiki ya yi zafi rau ba gumi, a kai inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jiki da ruwa, a nemi asibiti. In kuwa baki ya karkace, ko hannu da ƙafar ɓari ɗaya suka saki, ko harshe ya sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Ba a tsayawa shafa man zafi ko jiran gari ya waye. Sashen gaggawa na Asibitin Murtala da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba sa rufewa don Sallah, kuma kowace sa'a da aka ɓata tana rage abin da likita zai iya cetowa.

Magani kuma a taho da shi daga gida, cikin kwalinsa mai suna, ba a ƙulle a leda ana cewa "fari da safe, ja da dare" ba. A ƙara na kwana huɗu ko biyar a kan na kwanakin da aka yi niyya, don baƙon Sallah ba ya komawa ranar da ya ce. Kemis da yawa na rufe a ranakun Sallah, asibitin ganin likita na yau da kullum ma hutu yake. Mai allurar insulin a nema mata wuri mai sanyi, kada a bar ta cikin motar da aka ajiye a rana. Wanda ya sauya lokacin shan maganinsa zuwa sahur da buɗa-baki saboda azumi, a tambayi likitansa tun kafin Sallah yadda zai koma tsarin da.

Ga kuma gidajen da za a shiga gaisuwa. Kowane gida da farantin soyayyen nama, da cincin, da lemon kwalba mai sanyi, kuma ƙin ci rashin kyautawa ne. Mai ciwon suga ko hawan jini in ya bi gida biyar yana taɓa kaɗan-kaɗan don kada a ji haushi, zuwa dare ya ci abin da likita ya hana shi na wata guda. A nan jika ke da aikin da 'ya'ya ba za su iya ba. Ɗa ba ya janye kwano daga gaban ubansa. Jika kuwa yana iya cewa "Tsoho, wannan naman ya fi ƙarfin haƙoranka, kawo nan", a yi dariya, a wuce wurin, masu gida ba su ji kunya ba, shi ma bai ji an ci fuskarsa ba. Wasan jika da kaka babbar dama ce, a yi amfani da ita. Sai dai wasan nan yana da nasa sharrin. Tsohuwa na iya cewa "wannan angon nawa so yake ya kashe ni da yawo" tana dariya, alhali da gaske take, ƙafafunta sun kumbura. Jika mai hankali yakan saurari abin da ke ƙarƙashin wasan.

Akwai kuma dattijon da ya san Kano, ko yake ganin ya san ta. Ya yi cin-rani a Fagge zamanin ana dalar gyada, ya sha sayen kaya a Kurmi, ba wanda zai nuna masa hanya. Wannan shi ya fi ɓata. Garin da ya sani ba shi da gadar sama a Ƙofar Nasarawa, ba shi da hanyar ƙarƙashin ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, ba shi da gadojin Dangi. Bishiyar da yake kwatance da ita an sare, gidan man da yake juyawa a gabansa ya zama shaguna. Ya fita sallar asuba shi kaɗai a unguwa irin Rijiyar Zaki ko Sheka, inda layuka ke kama da juna, ya kasa gane ƙofar da ya fito. Ba raini ba ne a rubuta sunansa da sunan unguwa da lambar jikoki biyu a takarda a sa masa a aljihun gaba, a kuma nuna shi ga limamin masallacin layi da mai shagon kusa tun ranar da ya sauka. Lambar da ke cikin waya kaɗai ba ta isa ba, don waya na mutuwa, ana kuma ƙwace ta. In ta faru ya ɓata, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da mai unguwa, a kai cigiya gidan rediyo, kada a tsaya ana zagaye gari a rikice har dare.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, A Daidaita Sahu ce motar talaka. A ranakun Sallah gara a ɗauki shata, a yi ciniki kafin a hau, a sa tsoho a tsakiya, jaka a kan cinya ta ciki. Kada a ba shi waya ya yi magana a bakin ƙofa ana tafiya. Kuɗin da ya zo da su don rabon goron Sallah a raba su gida biyu, a bar mafi yawa a masauki. Mai katin banki kada a bar shi ya je wurin mai POS ko injin cirar kuɗi shi kaɗai, don a irin wuraren nan ne wani zai zo da fara'a ya ce "Baba, kawo in taimaka maka", ya ga lambar sirri, ya musanya katin.

Wuraren kallo ba sai na tsaya jero su ba, jikoki sun fi ni sani. Gidan Makama na da sauƙin zagayawa, ga inuwa. Marinar Ƙofar Mata ma haka. Gidan Zoo a ranakun Sallah na yara ne, maƙil yake, a bari sai bayan kwana huɗu ko biyar. Dutsen Dala kuwa, ni ban ga dalilin da zai sa a ja mai ciwon gwiwa ko mai haki a kan matakalarsa ba don kawai a ɗauki hoto a sa a Facebook. Saukowa ma ta fi hawa wuya. Wuri ɗaya a rana ya isa, da safe, a dawo gida kafin azahar a yi ƙailula.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ba a tambayar mai tafiyar abin da yake son gani. Jikoki sun tsara Ado Bayero Mall da gidan askirim, ita kuwa Kaka tun a mota tunaninta na kan ƙanwar mijinta da aka aurar a Yakasai shekara arba'in da suka wuce ba su ƙara haɗuwa ba. Shi kuma tsoho so yake ya yi Juma'a a Babban Masallaci, ya ziyarci kabarin malaminsa, ya nemi 'ya'yan maigidansa na da a Kurmi ya yi musu ta'aziyyar da bai samu yi ba. Ba za su faɗa ba sai an tambaya, sai an ma sake tambaya. A ware wa waɗannan rana guda cikakkiya, kuma jikan da ya raka kada ya tsaya a zaure yana latsa waya yana duba agogo. Ya shiga ya gaisa, a gaya masa wace ce wannan, yaya suke.

Komawa gida ma tafiya ce, kuma a gajiye ake yin ta. Kuɗin mota kan tashi kafin Sallah da bayanta, tashoshi irin Unguwa Uku da Ƙofar Wambai kan cika, har mutum ya ji sha'awar tare mota a bakin titi don ta fi arha. Kada a yi. A shiga cikin tasha inda 'yan kamasho suka san direba, a biya kujerar gaba ko a biya ta mutum biyu don ƙafa ta sami wurin miƙewa, a tashi bayan asuba yadda za a isa da rana. In tafiyar ta wuce awa uku, a roƙi direba ya tsaya a sauka a taka ƙasa, don doguwar zama na kumbura ƙafa, tana kuma iya sa jini ya daskare a jijiya. Ɗaya daga cikin jikokin ya raka har gida. In ba hali, a karɓi lambar direba da ta mota, a kira wanda zai tarye su a can tun kafin motar ta bar tasha.