Amfanin Nuna wa Likita Alƙaluman Aikinsa Wajen Leƙen Babban Hanji

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda likita kan gyara hannunsa idan ana nuna masa sakamakon aikinsa. Leƙen babban hanji, watau kolonoskofi, shi ne zura bututu mai kyamara ta dubura domin a gano tsiron da kan rikiɗe ya zama sankara, a cire shi tun da wuri. To amma tsiron da wani likita ya hango, wani wuce shi yake yi.

A 2006 Barclay da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa likitan da kan ɗauki minti 6 ko fiye wajen janye bututun ya fi gano tsiro. A 2017 kuma Kaminski ya ruwaito daga Foland cewa akasarin likitocin da ake ba rahoton aikinsu kowace shekara sun ƙara yawan abin da suke ganowa, sankara kuma ta ragu a cikin waɗanda suka duba.

Saboda haka muna ganin ya kamata asibitocinmu, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda mutanen birnin Zazzau ke zuwa, su riƙa rubuta kowane leƙe da lokacinsa da sakamakonsa, kowane likita kuma a nuna masa nasa. Wannan ba ya bukatar sabuwar na'ura, rajista da alƙalami sun isa.