Malbaza: abin da ido ba ya gani cikin buhun siminti

Tun shekarun 1960 ake gasa farar ƙasa da laka a Malbaza domin yin siminti. Magini a Birnin Ƙonni ko Illela, in ya buɗe buhu, gari kawai yake gani. Alhali kuwa manyan ma'adinai huɗu ne a haɗe, da ɗan jipsi.

Masana na auna su da hasken X, irin na hoton asibiti. In an haska garin, kowane ma'adini yakan karkata hasken ta kusurwoyi nasa na kansa. Lissafin da Hugo Rietveld, ɗan ƙasar Holand, ya fitar a 1969 ke bayyana kason kowanne.

Inda ma'adinin alit ya yi ƙaranci, kankare yakan yi jinkirin ƙarfi. Wanda ya yi gaggawar cire katako, rufinsa na iya tsagewa.