Mata 12 da suka kewaye duniya cikin jirgin iska

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Ruwan da muka sani shi ne kogin da ya ratsa Yamai, sai Gulbin Maraɗi da tabkuna lokacin damina. Amma a wannan fitowa mun zaɓo muku labarin wasu mata da suka mai da teku wurin neman abincinsu, a cikin aikin da aka daɗe ana cewa na maza ne su kaɗai: tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska.

Yadda tseren yake

Irin wannan jirgi yana da dogon ginshiƙi a tsakiya, ana ɗaura masa manyan zannuwa masu ƙwari. Iska ta bugi zane, jirgi ya tafi. A cikin tsere ba a yarda a tura jirgi da inji ba. Don haka duk sa'ad da iska ta juya, dole a sauke wannan zane a ɗaga wancan da ƙarfin hannu da igiya, ko da tsakar dare ne, ko ana tsuga ruwan sama. Jirgi ba ya tsayawa don a yi barci.

Babban tseren kewaye duniya na wancan zamani sunansa Whitbread, an fara shi a 1973. A na shekarar 1989 jirage 23 suka shiga. Tsawon hanyar ya kusa kilomita 60,000, kamar ki yi Maraɗi zuwa Yamai sau 90. An raba ta zango 6: daga Ingila zuwa Urugwai, sai Ostireliya, sai Niyu Zilan, a komo Urugwai, a wuce Amurka, sannan gida Ingila. Wata 9 ake yi.

Daga madafa zuwa shugabanci

Tracy Edwards ƴar Ingila ce, an haife ta a 1962. Tana shekara 15 aka kore ta daga makaranta. Ta bar gida ta shiga aikin hidima a cikin jiragen masu kuɗi. A tseren 1985 ta samu shiga wani jirgi na maza, amma a matsayin mai dafa abinci, don ƙofar da aka bar wa mace ke nan. Tana tuƙa tukunya, idonta yana kan aikin jirgi. Da aka gama ta ɗauri niyya: tsere mai zuwa za ta shiga da jirginta, kuma duk ma'aikatan mata.

Magana ta zo kan kuɗi. Ta bi kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce a'a. Wasu suna tsoron matan su mutu a teku sunan kamfaninsu ya ɓaci, wasu dariya kawai suka yi. Sai ta jinginar da gidanta ta sayi wani tsohon jirgi mai tsawon mita 18 wanda ya sha wuya. Kuɗin biyan magyara babu, sai matan suka zage da kansu: kankara, fenti, wayoyin lantarki, famfo, komai. Suka sa masa suna Maiden, wato budurwa. Wannan wahala ta yi musu rana, don duk abin da ya lalace a tsakiyar teku sun san inda yake, da hannunsu suka ɗaura shi.

Daga baya taimako ya zo daga inda ba a zata ba. Tun tana aikin hidima Tracy ta taɓa haɗuwa da Sarki Husaini na Jodan a cikin wani jirgi, suka saba. Shi ne ya sa kamfanin jiragen saman ƙasarsa ya ɗauki nauyin tafiyar. Amma mu lura da yadda abin ya jeru: sai da ta sa gidanta, matan suka sa guminsu, sannan mai taimako ya samu abin da zai dafa wa.

Kowa da aikinta

Ranar 2 ga watan Satumba 1989 suka tashi daga Southampton, su 12, daga ƙasashe daban-daban. Tracy tana da shekara 26. Gab da tashi ta rabu da mataimakiyarta, wadda ta fi ta sanin teku, saboda an fara samun baki biyu a cikin jirgi, ma'aikata ba su san wa za su bi ba. Rabuwar ta yi zafi, kuma ta ƙara wa Tracy kaya: ga shugabanci, ga aikin taswira da zaɓen hanya. Mu da muke riƙe da ƙungiyoyi mun san irin wannan rana.

An raba matan kashi biyu, kowane kashi da shugabarsa: Dawn Riley ƴar Amurka da Michèle Paret ƴar Faransa. Waɗannan suna sama suna tuƙi da jan igiya, waɗancan suna ƙasa suna barcin ƴan awoyi, sai a canza, dare da rana. In kin makara wajen karɓar aiki, barcin ƴar uwarki kika ci. Bayan wannan kowace tana da sana'arta ta biyu: mai ɗinkin zane in ya yage, mai hawa ginshiƙi ta duba igiyoyi, mai kula da inji da rediyo, mai dafa abinci, da lokotoro.

Ƴan jarida da yawa sun yi caca cewa ko zangon farko ba za su kai ba. Maza ana tambayarsu dubarun iska, su kuwa ana tambayarsu ko suna faɗa da juna, ko wa ke da saurayi. Suka kai Urugwai suna na 3 a rukuninsu.

Zango na 2 shi ne mai ban tsoro: fiye da kilomita 13,000 ta tekun kudu, inda duwatsun ƙanƙara ke yawo a kan ruwa, igiyar ruwa tana tashi ta fi soro. A can ne maza biyu na wani jirgi suka faɗa ruwa. An tsamo su, ɗaya ya riga ya cika. Na biyun sanyi ya kusa kashe shi, sai lokotoron Maiden, Claire Russell, ta zauna bakin rediyo tana faɗa wa abokansa abin da za su yi masa, har ya farfaɗo. Abokan hamayya ne a tsere, amma rai ya fi kofi.

Matan suka iso Ostireliya su ne na 1 a rukuninsu. Zango na 3 ma su suka ci. Daga nan sa'a ta ɗan juya: jirgi ya fara shan ruwa, suka yi ta kwarfa, wani jirgin Faransa ya wuce su a lissafi. A ƙarshen watan Mayu 1990 suka shigo gida suna na 2, bayan kwana 167 a kan ruwa, dubban mutane suna jiransu a bakin gaɓa. Aka ba Tracy kyautar gwanin matuƙa na shekara a Ingila, ita ce mace ta farko da ta karɓe ta.

Ƙofa ta buɗe, amma da sauran aiki

Wasu cikin matan sun mai da abin sana'a. Dawn Riley ta shugabanci wani jirgin mata a tseren 1993. A 1990 Florence Arthaud ƴar Faransa ta ci tseren Route du Rhum ita kaɗai a jirgi, ta bar maza a baya. A 2005 Ellen MacArthur ta kewaye duniya ita kaɗai cikin kwana 71, ba wanda ya taɓa yin wannan sauri shi ɗaya kafin ita.

Duk da haka masu jirage sun ci gaba da ɗaukar maza. Sai a tseren 2017 aka sauya doka: jirgin da ya ɗauki maza zalla mutum 7 kawai zai ɗauka, wanda ya sa mata yana iya kai 9 ko 10. Hannu ya fi yawa, aiki ya fi sauƙi, nan da nan aka fara neman mata. Jirgin da ya ci tseren a 2018 da mata a cikinsa.

Sai maganar haihuwa, wadda ta shafe mu duka. Clarisse Crémer ta Faransa ta gama tseren Vendée Globe na kewaye duniya mutum shi kaɗai a 2021. Ta haihu a ƙarshen 2022. Dokar shiga tsere na gaba tana lissafa yawan tafiyar da mutum ya yi, ita kuwa ciki da jego sun hana ta fita. A farkon 2023 bankin da ke ɗaukar nauyinta ya ajiye ta. Ba ta yi shiru ba, ta faɗa wa duniya, mutane suka yi ca. Ta samu wani mai ɗaukar nauyi, ta shiga tseren 2024 cikin mutum 40, mata 6 ne kawai, ta zo ta 11.

Tsohon jirgi, sababbin hannuwa

Bayan tsere Tracy ta sayar da Maiden don biyan bashi. A 2014 aka gano shi yashe a tsibiran Seshel yana lalacewa. Ta nemi gudummawa, jama'a suka yi karo-karo, Gimbiya Haya ƴar Sarki Husaini ta sa hannu, aka maido shi Ingila a 2017 aka gyara. Ya koma yawon ƙasashe yana tara kuɗi don karatun ƴaƴa mata. Wadda aka kora daga makaranta ke nan.

A watan Satumba 2023 Maiden ya sake shiga tseren kewaye duniya, irin wanda ake yi da taswirar takarda, ana auna rana da taurari, ba na'urar zamani mai nuna hanya. Shugabar wannan karo Heather Thomas ce, ƴar shekara 27. Cikin ma'aikatanta akwai Vuyisile Jaca daga Afirka ta Kudu da Najiba Noori daga Afganistan. A watan Afrilu 2024, da aka gama lissafi, su ne na 1. Ba a taɓa samun jirgin mata zalla ya ci tseren kewaye duniya ba sai su, shekara 34 bayan tafiyar farko.

Ƴan uwa, a taron wannan mako, in an gama zubi an rufe akwati, muna roƙon wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran wannan labari. Sannan mu tambayi juna abu biyu. In shugabarmu ko marubuciyarmu ta kwanta jego gobe, wa muka koya wa aikinta? Kuma cikin ƴan matan da ke rako mu taro suna zaune a gefe, wace muka taɓa miƙa wa littafi da alƙalami? Ku aiko mana da amsoshinku, za mu buga su a fitowa ta gaba.