Ladan Matuƙin Jirgin Sama, Nan da Ƙasashen Waje

Wanda ya taso daga Shagari ya bi ta Bodinga zuwa birnin Sakkwato, kafin ya shiga gari zai wuce kusa da filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III. Daga nan maniyyatan wannan yanki suke tashi zuwa Makka. Malami da attajiri kowa ya san kuɗin kujera har sisin kwabo, amma da wuya a sami wanda ya tambayi abin da ake biyan mutumin da ke zaune can gaba, ko awa nawa ya yi barci kafin ya kama tuƙi. Alhali a zamanin fatauci, falke ba ya shiga ayarin Gwanja sai ya bincika halin madugu.

Amurka tana cikin na gaba wajen lada. Ƙididdigar gwamnatinsu ta 2023 ta nuna matsakaicin albashin matuƙin jirgin fasinja ya wuce dala 200,000 a shekara. A shekarar nan kuwa ƙungiyar matuƙan kamfanin Delta ta sami ƙarin kashi 34 cikin ɗari a kan shekara huɗu. To, amma kada mai karatu ya zaci haka abin yake tun fil azal. A watan Fabrairu 2009 jirgin wani ƙaramin kamfani, Colgan Air, ya faɗi kusa da garin Buffalo, mutum 50 suka halaka. Da aka bincika, sai aka tarar mataimakiyar matuƙin ladanta bai wuce kamar dala 16,000 a shekara ba, ta kuma kwana a hanya daga ƙarshen ƙasar kafin ta kama aiki. Bayan wannan ne aka sa doka cewa sai mai awa 1,500 a sama zai tuƙa jirgin fasinja, kuma a ba shi hutun awa 10 kafin ya fara aikin yini. Masu cika sharaɗin suka yi ƙaranci, kasuwarsu ta tashi. Ɗan kasuwa ya san yadda wannan ke faruwa.

A Turai an iyakance wa matuƙi awa 900 a shekara, a Amurka 1,000. A Dubai da Katar ba a cire haraji daga albashi, ana ba da gida ko kuɗinsa. Sai dai can babu ƙungiyar ma'aikata da za ta tsaya masa. In an sallame shi, izinin zamansa a ƙasar ma ya kama hanyar ƙarewa.

Nijeriya tana da makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964. Da can Nigeria Airways shi ne uwa ma-ba-da-mama, ko da yake sha'aninsa ya rikice har aka danƙa gudanar da shi ga kamfanin KLM na Holan daga 1979 zuwa 1981, watau farkon mulkin Alhaji Shehu Shagari. Kamfanin ya daina tashi a 2003. Ma'aikatansa suka yi ta jiran haƙƙinsu, sai a 2018 gwamnati ta saki kimanin naira biliyan 22, rabin abin da suke bi. Waɗansu sun riga sun rasu.

Babbar wahalar matuƙin gida ita ce, ana biyansa da naira, aikinsa kuwa da dala ake kimanta shi. Tun daga Yuni 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga kamar naira 460 ta wuce 1,500. Wanda ba a ƙara masa kome ba, ladansa ya koma sulusi in an auna da na abokinsa na Dubai, alhali jirgi iri ɗaya suke tuƙawa, jarrabawa iri ɗaya suke ci kowane wata shida. Ga kuma tsohuwar ƙorafi, cewa baƙo ya fi ɗan gida lada a kujera ɗaya. Tana cikin abin da ya sa matuƙan kamfanin Bristow suka yi yajin aiki a Agusta 2020. A watan nan kuma Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70 sa'ad da annobar korona ta tsai da zirga-zirga. Ba mamaki ƙwararru suna neman tafiya waje.

Amma lada mai tsoka ko baƙon matuƙi ba su ne kaɗai tsaro ba, kuma mutanen Sakkwato sun fi kowa sani. Ran 11 ga Yuli 1991 jirgin Nationair, kamfanin Kanada da aka ɗauko haya, ya tashi daga Jidda da alhazai masu komowa Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Makaniki ya san haka, ya nemi a cika su, amma jami'in kamfanin da ke kula da jigilar yana tsoron jinkiri, ya ce a tafi. Tayoyin suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, jirgin ya faɗi kafin ya komo fili. Mutum 261 suka rasu, alhazai 247 da ma'aikata 14. Allah ya jiƙan musulmi. Matuƙan ƙwararru ne, abin da aka rasa ran nan shi ne ma'aikacin da maganarsa za ta fi ƙarfin agogon kamfani. Nationair kansa bai kai ƙarshen 1993 ba ya karye.