Yajin aiki gab da Sallah: Tsakanin haƙƙin ma'aikatan jiragen sama da doguwar hanyar Gashuwa

A ranakun Litinin 17 da Talata 18 ga Afrilun 2023, a makon da aka yi Ƙaramar Sallah, ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin jiragen sama, ciki har da NUATE da ATSSSAN, sun yi yajin aikin gargaɗi na kwana biyu. A Legas an toshe hanyar shiga filin jirgin cikin gida, har matafiya suka riƙa sauka daga mota suna jan akwatunansu a ƙasa. Buƙatun ma'aikatan ba sabbi ba ne: a biya ma'aikatan Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, gyaran albashin da ya biyo bayan mafi ƙarancin albashi na 2019, a fitar da ƙa'idojin aikin da aka daɗe da cimma yarjejeniya a kansu, sannan a dakatar da shirin rusa ofisoshin hukumomin jiragen sama da ke Legas.

Tun daga lokacin, tambayar ba ta kwanta ba. Shin ya dace doka ta bar waɗannan ma'aikata su ajiye aiki a daidai lokacin da jama'a ke haramar tafiya gida?

Ga wanda gidansa ke Gashuwa

Nauyin tambayar ya fi bayyana idan aka auna ta da tafiyar ma'aikacin tarayya ko hadimin ɗan majalisa da ke Abuja amma iyayensa na Gashuwa, hedikwatar Masarautar Bade a arewacin Jihar Yobe. Garin ba shi da filin jirgin fasinja. Wanda ya zaɓi jirgi sai ya sauka Kano, ya bi ta Haɗeja da Nguru, ko kuwa ya sauka Maiduguri, ya biyo ta Damaturu da Dapchi da Bayamari. Kowacce ya bi, akwai sauran sa'o'i masu yawa a mota bayan saukar jirgin.

Saboda haka jinkirin safiya ɗaya kan rusa tafiyar baki ɗaya. Jirgin da ya kamata ya sauka Kano da hantsi, idan ya sauka da la'asar, matafiyi ya shiga gaba kura baya sayaki: ko ya kwana a Kano, ko ya yi tafiyar dare, abin da mutane da dama ke gudu. Idan kuwa an soke tashin, sai ya koma tasha ya nemi motar Bauchi da Potiskum da Jakusko, a ranar da kuɗin mota ke tashi. Hutun Sallah da Gwamnatin Tarayya ke bayarwa yawanci kwana biyu ne, don haka kwana ɗaya da ya salwanta na iya zama Idin kansa.

Abin da doka ta tanada

Dokokin Najeriya sun karkata ga matafiyi. Gyaran da aka yi wa Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago a 2005 ya haramta hana jirgi tashi ko toshe manyan hanyoyi da sunan yajin aiki. Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2022 kuma ta sanya ayyukan da suka shafi tashi da saukar jirage cikin muhimman ayyuka, ta ba minista ikon hana ma'aikatansu yajin aiki. Da ita ministan wancan lokaci, Hadi Sirika, ya kafa hujja a Janairun 2023, bayan yajin aikin ma'aikatan kamfanin NAHCO ya tsayar da jirage a Legas.

Sai dai dokar ba ta hana komai aukuwa ba. Wata uku bayan gargaɗin ministan aka yi yajin Afrilu. A ranar 3 ga Yunin 2024, ana tsaka da jigilar maniyyata, yajin aikin gama-gari na NLC da TUC kan mafi ƙarancin albashi ya rufe filayen jiragen Abuja da Legas. A Afrilun 2025 ma'aikatan NiMet suka sake ajiye aiki, har kamfanin Air Peace ya dakatar da zirga-zirgarsa saboda rashin bayanan yanayi.

Hujjar ma'aikatan

Ƙungiyoyin na ganin cewa yajin aikin da bai taɓa kowa ba, ba ya motsa kowa. Kuma yawancin masu ajiye aikin ma'aikatan hukumomin tarayya ne, masu jiran ƙarin girma da ariyas kamar takwarorinsu na sakatariya. Naira 70,000 da ta zama mafi ƙarancin albashi a Yulin 2024 ta zo ne bayan wancan yajin da ya rufe filayen jirgi, kuma wanda jirginsa bai tashi ba a ranar yana iya kasancewa cikin waɗanda suka ci moriyarta.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da yarjejeniyarta mai lamba 87 tun 1960, ta bambanta tsakanin ma'aikatan. Kwamitinta kan 'yancin ƙungiyoyi ya yarda a hana masu ba jirage umarni daga hasumiya yajin aiki, domin rayuka na hannunsu, amma bai sanya matuƙa jirgi da sauran ma'aikatan sufuri a wannan sahu ba.

Yadda wasu ƙasashe suka raba gardama

Italiya ta bi tsakiya. A ƙarƙashin dokarta ta 1990, an ware wasu lokutan bukukuwa, kamar daga 18 ga Disamba zuwa 7 ga Janairu, da ba a yajin aiki a sufurin jiragen sama. Ko a ranar yajin ma, dole jirage su tashi daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, da kuma 6 na yamma zuwa 9 na dare. A Faransa, dokar 2012 ta wajabta wa duk ma'aikacin da zai shiga yajin ya sanar da kamfaninsa sa'o'i 48 kafin nan, domin a shaida wa fasinjoji da wuri. A Amurka kuwa sai an bi matakan sulhu da wa'adin kwana 30 kafin a ajiye aiki.

Ɗauko tsarin Italiya a nan na buƙatar gyara, domin ranar Sallah ba ta tsayawa wuri ɗaya a kalandar Miladiyya, kuma ba a tabbatar da Ƙaramar Sallah sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Dole wa'adin ya ɗauki kwanaki kafin ranar da ake sa rai da kuma bayanta, ya kuma haɗa da Kirsimeti da Ista da lokacin jigilar alhazai.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗaya ɓangaren cinikin. Yajin 2023 ya samo asali ne daga gyaran albashin 2019 da aka shekara huɗu ba a biya ba. Muddin za a ce ma'aikaci ya ajiye makaminsa a makon Sallah, to wajibi ne doka ta ɗaure hukumomi da wa'adin cika yarjejeniyar da suka sa wa hannu. Takardun irin wannan yarjejeniya kuwa a teburan ma'aikatu da ofisoshin majalisa suke kwana, wato a hannun mutanen da su ma ke neman kujerar jirgin Kano idan Sallah ta ƙarato.