Sauye-sauyen Ƙwayar Ciwon Hanta Nau'in B a Jikin Majiyyaci

Ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon hanta nau'in B ba ta tsayawa a kan siffa ɗaya a jikin wanda ya kamu da ita. Kundin gadonta ƙarami ne, mai haruffa kimanin 3,200, amma sinadarin da ke kwafe shi yayin hayayyafa ba ya gyara kuskure. Don haka majiyyaci guda kan ɗauki ire-iren ƙwayar masu ɗan bambanci, kuma wadda ta fi jure wa garkuwar jiki ko magani ita ke rinjaye.

Masana sun kasa ƙwayar gida goma, daga A zuwa J. Gidan E ne ya fi yawa a Nijeriya da maƙwabtanta na Afirka ta Yamma.

Wannan sauyi yana da tasiri a asibiti. Maganin lamibudin kan daina aiki ga mafi yawan masu shan sa cikin shekara biyar, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tenofobir da entekabir a 2015. Wani sauyin kuma kan ɓoye wata alamar cutar a gwajin jini, a zaci ta lafa, alhali hanta tana ci gaba da lalacewa.

Ya dace manhajar Hausa, musamman a wuraren horar da malamai kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum, ta koyar da darussa biyu: kada majiyyaci ya bar magani ba da izinin likita ba, kuma a yi wa jariri allurar rigakafi a ranar haihuwa. Nijeriya ta shigar da allurar cikin shirin rigakafin yara tun 2004.